Farzida da Mazauninsa

Wani ne a Gaya, zamanin kumandan, baturen mulki, bai gama tattara kayansa ba, siyasa kuma ta shigo gari da zafinta. Kowace ƙungiya sai ta yi shugaba, ana ce masa farzida kamar yadda nasara ke faɗi. Mahauta sun yi nasu, masu kwale-kwale sun yi nasu. Masu jakai, waɗanda ke ɗauko kayan Dahomai daga bakin kogi zuwa kasuwa, suka ce su ma ba za a bar su a baya ba. Suka duba, suka zaɓi mutumin nan, don ya fi kowa murya.

Daɗi ya cika shi. Ya nufi tasha wurin abokinsa Yacuba, direban kamyo, babbar motar kaya, mai zuwa Yamai.

"Yacuba, ka gai da farzida!"

"Barka da arziki! To, ina farzidansinka?"

"Mene ne kuma wannan?"

"Kai, kowane farzida da farzidansinsa. Mazaunin farzida ke nan."

Mutumin ya kai hannu baya, ya shafa mazaunansa a hankali. Ya ce, "Alhamdu lillahi, ina da nawa. Kai ka taɓa ganin na babban farzidan Yamai?"

"Da idona."

"Subhanallahi! Ya bar ka ka gani?"

"Kowa ma gani yake, ai a fili yake. Har baƙi ake kai wa kallo."

"Babba ne?"

"Babba? Sai ka gaji ba ka gama gewaya shi ba. Ga shi fari fat."

"Fari? Ba baƙin mutum ba ne kamar mu?"

"Farar ƙasa ake shafa masa. Ga gardi tsaye gaba da baya, ko ƙuda ba ya sauka."

Mutumin ya koma gida. Ya tsaya tsakar gida yana ta waiwayen bayansa. Matarsa Aisata ta ce, "Maigida, kunama ce?"

"Ina kunama! Ni abin nan nawa nake dubawa, bai kai na farzida ba. Daga yau tuwo malmala uku, da man shanu."

"Wane abu?"

"Harkar gwamnati ce, ba ta mata ba."

Ya shiga ci ba ji ba gani. Ya daina zama a ƙasa. In zai hau jaki sai an ɗora matashin kai. Yaron da ya bi ta bayansa da gudu ya sha zagi. Har farar ƙasa ya jiƙa a ƙwarya, Aisata ta rantse in ya shafa za ta tafi gidansu a garin Tanda, ya haƙura.

Ashe ƴan ƙungiya sun kafa masa rumfa a bakin kogi, wai ita ce farzidansinsa, ba su gaya masa ba, suna son su ba shi mamaki. Ran kasuwa suka kira taro. Wani dattijo ƙato mai ƙiba, Alfari, ya miƙe da ƙyar ya ce, "Ranka ya daɗe, mun yi shawara a kan farzidansinka."

Mutumin ya gyara zama. "Ina ji, Baba."

"Gaskiya ƙarami ne."

"Ai ina ƙoƙari, Baba."

"Ba komai, mu za mu faɗaɗa shi. Gobe da safe mata za su share shi tas, su yayyafa ruwa, su daɓe shi."

"Su daɓe?"

"Da madaɓi, sai ya yi sumul. Sannan kumandan da kansa zai zo ya buɗe shi gaban jama'a, da makaɗa."

Mutumin ya zabura. Ya miƙe, ya ja da baya har ya jingina da katanga.

Sai ga samari sun shigo ɗauke da wata doguwar gora, an fiƙe gindinta, an ɗaura ƙyalle a kai. Mutumin ya ce, "Wannan fa?"

Alfari ya ce, "Tuta ce. A tsakiyarsa za mu kafa ta. Sai ta shiga sosai, ka san iskar bakin kogi."

Mutumin ya dubi gorar, ya dubi Alfari sama da ƙasa. Ya cire hularsa ya kifa wa dattijon a ka, ya ce, "Jama'a, na sauka! Ku ba Baba Alfari, nasa ya fi faɗi, shi zai riƙe tuta!"