Opal Ta Rasu, Dalmarta Na But ɗin Wani

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani ɓacin rai da ba ta ga dalilin ɓoye shi ba, Tessa Sizemore, 'yar marigayi Hoyt Pruitt mai shagon taya, a madadin mijinta Garrett da jaririyarsu Luella, tana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki da dukan 'yan ƙungiyar tseren motoci ta Laurel Gap rasuwar motarta Opal. Marigayiyar ta riga mu gidan gaskiya Asabar biyu da suka wuce, ƙarfe biyu da kwata na rana, a layin hagu, ƙafa casa'in daga inda ta tashi, sakamakon haɗuwa da katangar kankare. Ta rasu tana da shekara arba'in da shida a duniya, ashirin da shida daga ciki a filin tsere.

Ana roƙon duk wanda takardar nan ta shiga hannunsa ya karanta ta har ƙarshe kafin Asabar mai zuwa, ranar da ƙungiya za ta kaɗa ƙuri'ar naɗa Lonnie Sizemore, wan mijin Tessa, mai duba lafiyar motocin tsere, har da ƙananan nan da yara 'yan shekara takwas ke tuƙawa. Dalilin roƙon zai bayyana.

Opal ba kyakkyawa ba ce, ba ta kuma taɓa cewa ita kyakkyawa ce ba. Doguwar motar iyali ce, ruwan ƙasa, wadda ta yi shekara ashirin tana kai yaran wasu makaranta da coci kafin Baba Hoyt ya saye ta. Gudu ma ba ta da shi sosai. Abin da take da shi cika alkawari ne, kuma a filinmu shi ke cin tsere: direba ya rubuta a gilashinsa da farin man takalmi sakan nawa zai yi kafin ya cinye ƙafa ɗari shida da sittin ɗin, wanda ya fi kusantar abin da ya rubuta shi ke da nasara, wanda gudu ya ɗebe shi ya iso kafin lokacin da ya faɗa kuma ya faɗi. Opal sakan bakwai da ɗigo arba'in take yi. In rana ta ƙwalle ta yi shi, in hadari ya taso ta yi shi. Samari masu motocin da ƙararsu ke tsinka dodon kunne sun sha yi mata dariya a layi, sun sha kuma loda motocinsu su koma gida tun kafin azahar.

Waɗanda suka san ta ba za su manta muryarta ba. In an murza makulli sai ta yi tari sau biyu, kamar tsohuwar da za ta fara waƙa a coci, sannan ta zauna a kan nata: bub-bub-tak, bub-bub-tak. Wata bakwai Luella ta yi tana jin wannan murya tun tana cikin uwarta, har yau kuma ba abin da ke sa ta barci kamar uwarta ta kwaikwaya mata shi a kunne.

Sirrin marigayiyar a fili yake. Ƙaramin inji ne mai silinda takwas wanda bai fi ƙarfin jikinta ba, da tubalan dalma shida, kowane laba arba'in, waɗanda Baba Hoyt ya narka da hannunsa daga 'yan dalmar da ake maƙala wa tayoyi a shagonsa. Ya buga wa kowane haruffan sunansa, ya ɗaure su da noti a ƙarƙashin daɓen but, bayan tayoyin baya. In fitila ta yi kore aka taka totur, su ne ke danne tayoyin su kama kwalta. Tessa tana 'yar shekara sha huɗu ya kwantar da ita a ƙarƙashin motar ya nuna mata su ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Kowa ya iya tambayar nauyin mota nawa ne, 'yar baba. Ke ki riƙa tambayar ina nauyin ya zauna." Duk Asabar sai ya ɗora motar a sikeli da direba a ciki, duk Asabar kuma sikeli ya ce laba dubu uku da ɗari huɗu.

Rashin lafiyar da ta yi ajalinta ta fara ne lokacin da cikin Tessa ya tsufa har ɗamarar kujera ta daina zagaye ta. Lonnie ya zo gida da kansa, ya ci burodin masara biyu, ya ce a ba shi Opal ya ajiye a garejinsa, zai riƙa tayar da ita kada ta yi sanyi. Tessa ta ba shi makulli. Tana so a san cewa har godiya ta yi masa.

Luella na da wata uku Tessa ta koma fili. Lonnie ya ɗaga murfin inji a gaban jama'a yana washe baki. An cire ƙaramin injin Baba, an cusa wani ƙato da ya cika wurin taf, har sai da aka yanke murfin don ya samu inda zai fito da kai.

"Barkar haihuwa ce, ƙanwata," in ji shi. "Yau sai ki sayi sabon man takalmi, bakwai ɗin nan taki ta tsufa. Shida za ki rubuta."

"Yaya Lonnie, wa ya ce maka ina neman shida?"

"To wa ke ƙin shida? Ji ta fa. An ba ki doki kina tambayar jakinki."

"Dalmar Baba tana nan?"

"Komai na nan yadda kika bari. In ba ki yarda ba ga sikeli can, ba ɗan gidanmu ba ne balle ya yi mini kara."

Aka tura Opal kan sikeli, Tessa na ciki. Baba Otis, wanda ya shekara talatin yana riƙe da sikelin ƙungiya, ya gyara tabarau ya ce, "Dubu uku da ɗari huɗu cif. Kamar Hoyt na raye."

A nan Tessa tana amsa laifinta guda ɗaya, ba ta kuma neman a yafe mata shi. Ya kamata ta kwanta a ƙasa ta leƙa. Luella tana kuka a hannun kakarta Mama Nadine, lokacin shan nono ya yi, an kira layinsu a lasifika, ga shi kuma surukar tata, uwar Lonnie, a tsaye take tana ji, ba ta so ta ƙaryata mata ɗan fari a gaban mutane. Ta shayar da 'yarta, ta sa hular kwano, ta shiga layi.

Abin da sikelin bai faɗa ba shi ne wannan. Ƙaton injin ya fi na da nauyi da laba ɗari biyu, duka a gaba. Tessa ta ƙara laba arba'in da haihuwa, kuma ba ta jin kunyar ko ɗaya daga ciki. Ɗari biyu da arba'in ke nan. Lonnie ya kwance tubala shida, ɗari biyu da arba'in, lissafi ya fito masa daidai, ya je ya yi barcinsa. Ya ninka wa mota ƙarfi, ya danne mata hanci, ya bar bayanta ba abin da ke riƙe shi.

Fitila ta yi kore. Opal ba ta ce bub-bub-tak ba. Wani ihu ta yi wanda Tessa ba ta taɓa jin irinsa daga bakinta ba, tayoyin baya suka yi ta juyawa a banza cikin hayaƙi, sannan ta dama ta kama kwalta ita kaɗai. Tessa ta ɗage ƙafa, amma baya ya riga ya wuce gaba. Kalmar marigayiyar ta ƙarshe, bayan komai ya yi tsit, ita ce tik, tik, tik, ta ƙarfe mai hucewa.

Opal ta mutu tana aikinta, don ita ta karɓi katangar. Tessa ta fito da karayar ƙashin kafaɗar dama. Likita ya ce mako shida kada ta ɗaga abin da ya wuce kofin shayi. Luella laba goma sha huɗu ce. Kullum sai an ɗauko ta an ɗora mata a cinya, in ta gama sha a ɗauke, tana miƙo hannu uwarta na kallo. Duk wanda ya zo da niyyar cewa a yi haƙuri, abin ya wuce, ana roƙonsa ya fara zuwa ya ga wannan.

Tun motar asibiti ba ta bar filin ba Lonnie ya fara zagaya jama'a. An ji shi a wurin mai gasa nama yana cewa, "Firgita ta yi, ba wani abu ba. Mace in ta haihu ƙafarta sai ta yi sanyi. Motar kam lafiyarta lau, ai kun ji abin da sikeli ya ce." Da wannan magana yake neman ƙuri'unku.

Da janwe mai jan motoci ya kawo gawar gida, Tessa ta sa Garrett ya kwantar da ita a ƙasa, da hannunta a rataye, ta leƙa inda ya kamata ta leƙa tun farko. Ramukan noti ne kawai, wayam. Ranar Lahadin da ta biyo baya, a cin abincin bayan coci, Mama Nadine ta miƙa wa Garrett makulli ta ce ya ɗauko akwatin ƙanƙara daga but ɗin motar wansa. Tessa ta bi shi. Tubalan dalmar suna nan a jere su shida, an ɗaure su da sababbin notuna, kowane da haruffan Baba Hoyt a goshi. Mama Nadine ta zo ta tsaya ta daɗe tana kallo. Abin da ta ce kawai shi ne, "Rufe, Garrett. Makullin nan kuma ba ni abina." Har yanzu yana jakarta.

Marigayiyar ta rasu ta bar sitiyari ɗaya lafiyayye, da tayoyin baya biyu waɗanda ba su da laifin komai, da tsohon injinta da aka samu a yashe a bayan garejin Lonnie an lulluɓe shi da tamfol, kaza ta yi ƙwai a kansa. Yana da rai, an dawo da shi gida, kuma zai sake shiga layi baɗi in Allah ya kai mu. Ta bar tubala shida a hannun wanda ba a ba shi riƙonsu ba. Ta bar Luella, wadda ita ce za ta gaje ta.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma na safe a bakin sikelin Laurel Gap, awa ɗaya kafin ƙuri'a. An tattaro duk abin da ya faɗo daga jikinta, har madubin gefe, an mayar da kowane wurinsa. Tessa za ta zauna a kujerarta. Za a auna gawar sau biyu, tayoyin gaba daban, na baya daban. Baba Otis ya ce yana tune da lambobin zamanin Hoyt, dubu ɗaya da ɗari bakwai da tamanin a gaba, dubu ɗaya da ɗari shida da ashirin a baya, kuma zai karanta tsofaffin da sababbin a lasifika, a hankali, saboda masu nauyin ji.

Ba a buƙatar furanni. Mata masu kawo abinci su kawo wanda ake ci da hannu ɗaya. Iyayen yaran da ke tuƙa ƙananan motoci an tanadar musu layin gaba.

An zaɓi Yaya Lonnie shi kaɗai ya zama mai ɗaukar makara. Mama Nadine za ta buɗe but, shi kuma zai ɗauko tubalan ɗaya bayan ɗaya a hannu, ba baro, ya taka ƙafa casa'in ɗin nan da kowane, ya kwanta a ƙasa ya mayar da shi inda ya same shi. An tanadi sifana. In ya ga ba zai samu zuwa ba, iyali sun gama magana da mai janwe: za a kai masa gawar ƙofar garejinsa a ajiye ta a gicciye, ta zauna nan har ranar da Tessa za ta sunkuya ta ɗauki 'yarta da kanta.

Allah ya jiƙan Opal, ya ba mu jure rashinta. An riga an yi mata rubutunta na ƙarshe a gilashi da farin man takalmi, da hannun hagu, shi ya sa ya ɗan karkace. Masu zuwa za su ga 240. Ba sakan ba ne, laba ne.