Shekarau da Numfashin Inna

Shekarau na Gidan Bawa yakan bugi ƙirji ya ce, in dai maganar likita ce, kunnensa ya fi rumbu riƙo. "Abin da aka zuba mini, ko ƙwaya ba ta faɗuwa." Gaskiya ne, ba ta faɗuwa. Sai dai bai san surfe ba, bai san niƙa ba. Yadda aka ba shi haka yake dafawa.

Su biyu ne a gidan, shi da mahaifiyarsa, Inna Lantana, wadda ta tsufa a bakin kaskon ƙosai. Hayaƙin itace ya ci mata huhu, har ta kai daga ɗaki zuwa randa sai ta tsaya ta huta. Likita ya ce hanyoyin iskar ƙirjinta sun ƙuntace, ba ciwon da ake rabuwa da shi ba ne, amma in an kula za ta samu sauƙi. Kulawar kuwa sai ta faɗo hannun Shekarau.

Wata rana maƙwabci ya cinna wa shara wuta. Likita kuwa ya ce kada Inna ta zauna inda hayaƙi yake. Shekarau ya sungume ta ya goya. Iska ta yi gabas, ya yi yamma. Ta juyo, ya juya. Bai dire ta ba sai a gonar rogo, bayan gari. "Ɗan nan," in ji Inna tana haki, "rufe mini ƙofa ai ya isa."

Wata rana numfashi ya sarƙe mata. Malamar asibiti ta ce masa a girgiza maganin shaƙa sosai kafin a ba ta. Shekarau ya tsaya a kanta yana ta girgizawa, Inna na miƙo hannu yana kaucewa. "Yi haƙuri, Inna, Malama sosai ta ce." Da ƙyar ta fizge ta kai baki. Da ƙirjin ya buɗe ba ta yi faɗa ba. Ta dai daɗe tana kallonsa.

Wata rana aka ce ta riƙa tattaki kullum, inda ta gaji ta zauna. Shekarau ya biyo ta da kujera a ka. Suna tsakiyar hanyar kasuwa ta ce, "Wash, na gaji." Nan ya dasa kujerar. Masu babur da masu amalanke suka yi layi. "Kai, matsar da tsohuwa gefe mana!" Ya ce, "A gefe ta gaji?"

Wata rana kuma, da suka koma karɓar magani, Malama ta ce, "Duk wanda ka ji da irin tarin Inna, kawo mana shi da wuri." Washegari ana biki a gidan Sarkin Noma, mata na girki a bayan zana. Shekarau ya ji tari, irinsa sak. Ya kutsa cikin mata, ya tarar da Gwaggo Tabawa, aminiyar Inna, uwar girkin kowane biki, tana tuƙa tuwo cikin hayaƙi. Ya ɗaga ta cak, muciya a hannunta, ya saka ta a baron itace, ya kama turi.

A ƙofar gida jama'a suka tare shi, tuwo na ƙauri a baya. Sarkin Noma ya daka masa tsawa: "Shekarau, ka haukace? Ina za ka kai mana mai girki?" Ana ta dariya, shi kuwa ya sunkuyar da kai, amma bai saki baron ba.

Tabawa ta ɗaga muciya. "Kai, ɗan banza, mara kun..." Numfashi ya ƙare mata. Ta dafe ƙirji, tari ya turnuƙe ta, ya ƙi tsayawa. Dariya ta mutu a bakin kowa.

Inna Lantana ta taso a hankali daga inuwa, ta zare muciyar daga hannun ƙawarta, ta miƙa wa wata.

"Haka nawa ya fara, Tabawa, na ce mura ce." Ta dubi ɗanta. "Tura, Shekarau. Amma bi a sannu, akwai ramuka."