Hoton Haladu a Kasuwa Uku

"Ni Haladu, ku riƙe maganag ga: kahin wata kaka ta zagayo sai gwamnati ta buga sunana cikin takarda, sai an manna hotona kasuwar Kaura, da ta Shinkahi, da ta Zurmi!"

Haka ya faɗa a kan idona, a gindin durumin masallacin Gidan Maiwada, wani ɗan ƙauye can bayan Sakajiki. Durumi ne ko ceɗiya? Ka yi mini uzuri, aboki, kan nan nawa ya zama rariya. Na yi yawon karatu garuruwa da yawa, duk itatuwansu sun haɗe mini. Amma Haladu ba ya mantuwa.

Ya taɓa zuwa taron bita na manoma a Gusau, kwana biyu, shi ma don wanda aka gayyata ya kwanta zazzaɓi ne. Ya dawo da jaka mai tambari da biro uku a aljihun gaba. Tun daga ranar ba a ƙara sayen ko gishiri a gabansa ba sai ya yi bayanin tattalin arziki. Mutane suka sa masa Furofesa. Ya ɗauka da gaske.

To, damuwar ƙauyen ita ce wake. Su noma shi, su zuba a buhu, kafin bazara ƙwari sun huda rabi. Dole kowa ya sayar tun da kaka, lokacin da wake ba shi da daraja. Sai labari ya zo cewa gwamnati ta samo wani irin buhu mai leda biyu a ciki, iska ba ta shiga, ƙwaro ya shiga ya mutu. Buhunan ba za su ishi kowane ƙauye ba, don haka aka turo masu bincike daga jami'a su zagaya su auna, a san inda za a fara.

Wadda ta zo musu sunanta Malama Muhsina, ko Suwaiba. A'a, Muhsina. Yarinya mai natsuwa, da ɗan allon zamani a hannu. Ta gaida tsoho Maiwada, mai garin, ta ce, "Baba, bana buhu nawa ka samu, nawa kuma ya lalace?"

Maiwada ya ce, "Mun gode Allah, ɗiyata."

"Na'am, Baba. Amma kamar nawa?"

"Alhamdu lillahi."

Ka san manomin ƙasar nan. Ya fi sauƙi ya nuna maka tabon da ke cinyarsa da ya faɗa maka abin da ke rumbunsa, don tsoron baki da tsoron dangi. Malama ta ga ba ta samun lamba, ta ce to gobe za ta dawo ta bi gida gida, a nuna mata kwano ɗaya na waken ajiya, ta ƙirga ƙwaya ɗari, ta ga nawa ke da huda.

Tana juya baya Haladu ya tara magidanta.

"Kun ga abin da ni ka gaya muku? Jarrabawa ta! Ku ba ku san gwamnati ba, ni na ci shinkahwa tare da ita. Gwamnati ba ta zuba kayanta inda aka ɓarna. In ta ga wakenmu da huda, sai ta ce waɗanga sakarkaru na, a kai ma masu hankali."

Maiwada ya ce, "Haladu, yarinyag ga cewa ta yi a nuna mata gaskiya."

"Baba, gaskiya ta bincike daban ta. Bar ni da su."

Da asuba ya hau babur, ya tafi ya samo tsabar wake kwano ɗaya wurin wani ɗan kasuwa, fari tas, kamar haƙoran jariri. Ya miƙa wa matarsa Turai, ya tsara mata aiki: Malama na fita daga gida, a miƙa kwanon ta kan katanga zuwa gida na gaba.

Turai ta ce, "Malam, mi za mu ce in ta gane?"

"Ke dai miƙa. Wa ya yi bita, ni ko ke?"

Haka aka yi. Malama na bin ƙofa, kwano na bin katanga. Gida goma sha bakwai, wake ɗari ɗari, babu huda ko ɗaya. A gida na tara ma kwanon ya riga ta isa da ƙyar, har Saude matar Amadu ta bar ɗankwalinta a kan ƙaya. Da Malama ta fito ta ce wa Haladu, "Ikon Allah, kwanukanku duk iri ɗaya, har lanƙwasar baki."

Ya gyara biro. "Haɗin kai, Malama. Ni na koya musu."

"Kuma me kuke sa wa waken?"

"Sirri na. Dabarata ta. Rubuta: Haladu."

Ta rubuta.

Ina na tsaya? Yauwa. Bayan wata uku, ko huɗu, sai ga mota shaƙe da buhuna ta taso daga Kaura. Haladu ya sa babbar riga ya tsaya bakin hanya yana ɗaga hannu. Mota ta rage gudu saboda rami, direba ya ɗaga masa hannu shi ma, ta wuce. Sai Tungar Yazid, ta wajen Dauran, inda mutane suka nuna wa Malama wakensu yadda Allah ya yi shi, huda sittin cikin ɗari. Ashe abin da binciken ke nema ke nan: inda asara ta fi yawa, can za a fara.

Ranar ba wanda ya amsa sallamar Haladu da ƙarfi. Shi kuwa ya ce, "Ku kwantar da hankali. Wanga na ƙananan mutane na. Namu babba na tahe."

Ya kuwa zo. Takarda ce daga masu binciken: a duk ƙauyukan da aka auna, Gidan Maiwada kaɗai ba ya asara, saboda dabarar wani manomi, Malam Haladu. Don haka za a kawo manoma daga Kaura da Shinkafi da Zurmi su ga ɗakin ajiyarsa, su koya.

"Ba na hwaɗi ba? Ga sunana!" Ya zagaya gari da takardar har ta yi laushi. Turai ce kawai ta ja shi gefe.

"Malam, yaushe rabonka da buɗe ɗakin nan? In na wuce ina jin motsi ciki kamar ana suyar gyaɗa."

"Wake na ka numhwashi. Kimiyya ta."

Ya so ya sake dabarar kwano, amma wannan karon buhu ashirin ake son gani, kuma baƙin sun iso kwana ɗaya kafin ranar da ya zata, don ya karanta kwanan watan a gurguje. Mota uku, har da mai ɗaukar hoto. Haladu ya ga kyamara, duk wata fargaba ta gudu. Ya ture kowa, ya tsaya gaban buhu.

"Ka ɗauke ni da kyau, yaro. Kuma duk inda za a manna, na yarda, a manna!"

Malama Muhsina ta kwance bakin buhu. Aboki, na ga fara a Borno, na ga cinnaka a Nupe, ban taɓa ganin runduna irin wannan ba. Ƙwari suka taso baƙi ƙirin, suka hau babbar riga, suka shiga hula. Ta tura hannu ta damƙo, ba wake sai gari. Daidai lokacin mai hoto ya danna.

Sai tsoho Maiwada ya yi gyaran murya.

"Ɗiyata, gyara takardarki. Haladu ba noma ya ka yi ba. Kiwo ya ka yi."

Turai ta fito da kwanon nan mai lanƙwasa ta faɗi komai. Malama ba ta yi faɗa ba. Ta ce lamba ba ta san wasa ba, abin da aka ba ta shi take kai wa gwamnati. Ta sake aunawa, aka sa ƙauyen a rabon baɗi. Shekara guda cur suka ƙara suna ciyar da ƙwari, albarkacin Furofesa.

Amma ka ga, ni ba na zaluntar mutum: alkawarinsa ya cika. Kafin kaka na ga hoton da idona a kasuwar Kaura, na gan shi a Shinkafi, na gan shi a Zurmi. Ga Haladu baki buɗe, ga biro uku, ga ƙwari har gira. Abubuwa da yawa sun zube mini, amma rubutun da ke ƙasan hoton yana nan daram:

"Manomi, kada ka ajiye wakenka kamar Malam Haladu."