Ranar da na wanke fistan

Ba zan taɓa mantawa da ƙarar nan ba, ko da kuwa na yi jikoki: ƙwaram! Kaza ce ta bi ta kan wani faranti a tsakar gida, na fito daga madafa ina korarta. Farantina ne, na baƙi, ga shi cike da ƙarafuna.

Maigidana, Malam Habu, yana koyarwa a lakwal, wato makarantar firamare, ta wani ƙauye bayan Mallawa. Hanyar yashi ce zalla, babur ɗinsa kuma ya fara kasawa, sai ya sauka ya tura. Ƙanensa Sanusi, wanda bakanike ne, ya sa aka kawo masa wani fistan na musamman daga Kano (shi ne ƙarfen nan mai kamar ƙaramin kofi da ke hawa da sauka a cikin inji), wai da shi babur zai riƙa ratsa yashi ba gardama. Ranar Asabar suka kwance injin a gida, don Litinin sufeton makarantu zai je lakwal ɗin, kuma Malam ya riga ya makara sau biyu. Sun zuba kayan a farantina suka fita sayo man inji.

Na tsuguna ina tattara abin da kaza ta watsar, sai na ga fistan guda biyu. Ɗayan tsoho ne, an san shi. Ɗayan kuwa kansa na sheƙi, amma gefensa baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Tausayi ya kama ni. Na ce a raina, Allah sarki Malam, an ga mai haƙuri an sayar masa da kaya mai dauɗa.

Na ɗauko toka da yashi mai laushi da soson ƙarfe, na yi bismillah (ni da na yi kwaleji, har ina cin maki a darasin kimiyya). Baƙin nan ya yi taurin kai, ni ma na yi. Sai da yatsuna suka yi zafi, amma ya fita tas. Na ɗauraye, na goge da tsumma, har na rufe farantin da faifai.

Da suka dawo ban iya jira ba. Na ce, "Sanusi, buɗe ka gani. Ku maza ba ku san tsabta ba."

Ya buɗe. Ya ɗaga fistan ɗin a rana, ya juya, ya sake juyawa.

"Matar yaya, da me kika wanke?"

"Toka da yashi."

"Yashi! Inna lillahi. Baƙin nan fa shi muka aika Kano a kawo mana. Shafe ne, shi ke hana ƙarfe cin ƙarfe. Yaya, dubi zanen da ta yi masa, kamar za ta kai shi gidan biki."

Na so ƙasa ta buɗe. Malam ya daɗe yana kallon ƙarfen, sannan ya kalli yatsuna da suka yi ja. Ya ce, "Sannu da aiki, Hadiza." Wallahi da faɗa ya yi mini da ya fi sauƙi.

Tsohon fistan Sanusi ya mayar, yana ɗaurawa yana dariya. Litinin Malam ya fita ana sallame asuba, ni kuwa na zauna a kan darduma ina ta roƙon Allah. Ya tura babur sau uku a hanya, ya isa jiƙe da gumi, ko numfashi bai gama mayarwa ba motar sufeto ta tsaya. Amma dai ya riga ta.

Tun daga ranar, abin da ban san aikinsa ba sai na tambaya kafin in tausaya masa. Sai dai gidan nan ba a yarda da tubana ba. Jiya na ɗauki soso zan wanke kwanoni, 'yata Nana mai shekara biyar ta ruga ɗaki da gudu, ta fito da hannu a baya.

"Me kika ɓoye?"

"Baƙin tabaran Baba ne. Mama, haka yake tun daga kanti, ba dauɗa ba ce."