Na Safe da Na Yamma

"Na ce kar a sayo masa, kuma ba zan maimaita ba."

Muryar Baba ce take ratso bangon da ya raba falo da ɗakin Kaka. Bangon ba shi da kauri, ko cokali ya faɗi a can sai an ji a nan.

"Batir ne fa, Yaya, ba bindiga ba," in ji Gwaggo.

"A hannun da ba ya riƙe kofi? Ke za ki mayar da shi asibiti in ya huda cinyarsa?"

"To a kira wani ya gyara masa ƙofar."

"Na kira. Da sanda ya raka shi waje."

"Ko dai ka fi son ƙofar a yadda take."

Daga nan sai ƙarar kujera da aka ja.

'Yar Ƙusa tana tsaye a bakin ɗakin kakanta, jaka a kafaɗa, ba ta cire takalmin aiki ba. Shi ya laƙaba mata sunan tun tana ƙarama saboda sirantarta, ya kuma bi ta har kantin maganin da take aiki. Ta san abin da Gwaggo take nufi. Kaka ya yi shekara hamsin yana kafinta, shi ya ƙera ƙyauren ɗakinsa da katako mai nauyi. Ya yi wata biyar a asibiti, ya dawo da hannun dama a shanye, ya tarar hinjin sama, ƙarfen da yake riƙe da ƙyauren, ya saki, ƙyauren ya zauna a ƙasa. Sai mai hannu biyu ya ɗaga shi yake buɗuwa. Tun daga ranar ba ya fita sai an fitar da shi. Baba bai taɓa cewa hakan ya yi masa daɗi ba, amma tsohon da ba ya iya buɗe ƙofa ba ya faɗuwa a tsakar gida, ba ya kuma lallaɓawa shago ya taɓa zarto.

Ta ɗaga ƙyauren, ta tura da ƙugu. Ya ja ƙasa da kukan da ya saba, a kan zanen da ya riga ya ci a siminti.

"Sannu da hu..."

"Lafiya lau, in ban da matar da aka jarabce ni da ita."

"Ban ma gama gaisuwar ba, tsoho."

"Gaisuwarki kamar aikenki ce, a fara yau a gama jibi."

Yana zaune a gefen gado, hannun dama a kan cinya kamar na aro, fensir a bayan kunne. Ta tabbata ya ji duk abin da aka faɗa a falo. Shi ma ya san ta sani.

"Ka gode Allah ina zuwa," ta ce. "Wa ke kallon miji mai haƙori huɗu, biyu ma ba sa ga maciji da juna?"

"Huɗun nan sun fi naki talatin aiki. Naki ban da ƙarya me suke taunawa?"

"Ni da na ƙi likita saboda kai."

"Likitan ne ya gan ki a gefe ya zaci sandar rataye ƙarin ruwa ce."

"Za ka ga sanda ranar da na tattara kayana."

"Wane kaya? Da zani ɗaya na same ki, shi ma kina yi masa fitsari."

Ta yi dariya ba don ta so ba, ta zauna a kan akwatin kayan aikinsa. A bakin taga injin huda katakonsa yana kwance, wanda ba shi da waya, kusa da shi kuma batura biyu matattu, ɗaya da ɗigon farin fenti, ɗaya da ja. Na Safe da Na Yamma yake kiransu. Ɗaya yana aiki ɗaya yana caji, in rana ta raba a sauya. Tun tana shekara tara aikinta ne sauyawar.

"To, ina aikena?"

"Mai kantin batura ya ce in gaishe ka. Ya ce injin nan naka ya girme shi."

"Ya girme shi da hankali."

"Ya ce an daina yin irinsa tun kafin a haife ni. Wai in kawo masa ya rataye a bango yara su riƙa kallo. Na ce in haɗa masa da mai shi."

"Da ya ƙi. Mai shi yana ci."

"Haka ya ce."

"Ranar Litinin kin kawo mini mai faɗin baki, ya ƙi shiga. Ranar Laraba kin kawo na wani kamfani, ya shiga rabi ya tsaya kamar surukin da ba a so. Yau me kika kawo, batirin agogo?"

"Na tocila. In ka kasa gyara ƙofar ka haska ta."

"Matar kirki sau ɗaya ake aikenta."

"Mijin kirki da ƙafarsa yake zuwa."

Maganar ta fita kafin ta kama ta. Ya dubi ƙafarsa, ya dubi ƙyauren. A falo Gwaggo ta sake ɗaga murya, Baba ya ce mata ta rage.

Jakar tana kan cinyar 'Yar Ƙusa, ta ɗora hannu a kai. Batirin yana ciki, na gaskiya, mai dogon wuya irin wanda injin yake ci. A wani lungu bayan masu sayar da fenti ta samo shi, wajen wani dattijo da ya hau tsani ya zaro shi daga cikin ƙura, ya gwada mata a injinsa. Tun ranar Litinin yake cikin jakar. Sauran biyun aro ta karɓa daga maƙwabcin kantinsu, tana sane ba za su shiga ba. Ta gaya wa kanta umarnin Baba take bi. Ba shi ba ne. Muddin babu batir, laifin na batir ne. Ranar da ya zo, babu sauran abin da zai tsaya tsakanin Kaka da hannunsa.

"'Yar Ƙusa."

"Na'am, angon bara."

"Yarinyar da take bambance Na Safe da Na Yamma da ido a rufe ba ta ɓata sau biyu."

"Tsufa ne. Zama da kai ya shafe ni."

"Buɗe akwatin da kike zaune a kai."

Ta tashi ta buɗe. Cajar tana sama, an naɗe wayarta zagaye uku, an soke bakin a ƙarƙashi.

"Wa ya koya miki wannan naɗin?"

"Wani tsoho mai yawan surutu."

"Yaushe yake yin sa?"

Ta dubi naɗin. In an gama aiki a gidan mutane, an share dusar katako, ba za a sake komawa ba, lokacin yake naɗe waya haka.

"Baturan nan tsofaffi ne kamar ni," ya ce. "In ana ba su suna ci, suna nan. In aka bar su da yunwa wata uku, ba sa tashi. Da na tarar da cajar a bango an zare, sai in ce mantuwa ce. Na tarar da ita a naɗe."

"Ɓera nake gudun ya ci wayar."

"Wace rana ce?"

Ta san ranar. Likita ya ja Baba gefe a baranda, Gwaggo ta fara kiran dangi ɗaya bayan ɗaya tana magana ƙasa-ƙasa. 'Yar Ƙusa ta dawo gida ita kaɗai, ta shiga ɗakin nan, ta zare cajar, ta naɗe. Ba wanda ya sa ta. Abin da ba ta taɓa gaya wa kowa ba shi ne da ta rufe akwatin ta ji ƙirjinta ya yi sauƙi. Wata biyu ana jira, ta gaji da jira. Ta yi barci mai kyau a ranar, kuma tun da ya dawo ba ta yafe wa kanta barcin ba.

"Ranar da aka sa maka roba a hanci," ta ce.

"Wato kin fara takaba ina numfashi."

"Na ga ka cika jan rai. Ga manema a layi."

"Su wa? Mai sandar ƙarin ruwa?"

"Har da wani mai haƙori cikakku."

"Ki ce masa ya ƙirga su kafin ya shigo gidan nan."

Ta sunkuya kan jakar kamar tana neman wani abu da ya ɓace. Ta ciro batirin, ta ajiye masa a kan gado.

Ya juya shi da hannun hagu, ya duba wuyansa, ya shinshina.

"Wannan ya kwana biyar a jaka. Yana warin man shafawarki."

"Ka karɓa ko in mayar?"

"Miƙo inji."

Ya matse injin tsakanin gwiwoyinsa, ya tura batirin, ya shiga da ƙas. Ya danna. Ƙarar ta cika ɗakin, a falo maganar ta yanke kamar an rufe famfo.

Ya sa ta tura guntun katako a ƙarƙashin ƙyauren har ya miƙe daidai da bakin ƙofa. Ya sa ta ɗauko ashana da gam a akwati. Ramukan sukurun sun yi faɗi, don haka ta tsoma tsinken ashana a gam, ta cusa uku-uku a kowane rami, ta karye kawunan. Yana tsaye a bayanta da sanda, yana cewa ta ƙara ɗaya a na tsakiya, ba ta da ido ne.

"Matsa," ya ce.

Ya jingina da bango, ya ɗaga injin da hagu. Ta riƙe masa sukurun a bakin rami. Kan injin yana lilo, ya taɓa kan sukurun ya zame. Ya sake. A karo na uku ya danna da wuri, sukurun ya fille ya faɗa ƙarƙashin gado, bakin injin ya karce ƙyauren, ya bar farin tabo tsawon yatsa a katakon da ya goge da hannunsa shekara talatin da suka wuce.

Ya tsaya yana kallon tabon. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga. A bayan ƙofa ta ji takun Baba ya zo ya tsaya.

"Batirin ne," ta ce. "Sabo ne, ƙarfi ya yi masa yawa. Gobe in mayar."

"Kar ki fara yi mini ladabi yanzu. Ba ya yi miki kyau."

Ta durƙusa ta lalubo sukurun a cikin ƙura. Ta daɗe a ƙarƙashin gadon fiye da yadda neman yake bukata.

Da ta miƙe, ya miƙo mata injin ta wajen mariƙinsa.

"Riƙe. Gwiwar hannu a jikinki. Ba da yatsa ake turawa ba, da kafaɗa."

"Ka kori kafinta da sanda, ni za ka ba?"

"Shi baƙo ne. Ke kuwa duk abin da hannunki ya yi, nawa ne ya yi, tunda ni na aure ki da asara."

Ya ɗora tafinsa na hagu a bayan hannunta. Yana rawa, amma ya san inda miƙe take, ya ɗan karkatar da ita sama. Ta danna. Sukurun ya shige cikin ashanar a hankali ya kama. Na biyu ya bi shi. A na uku ya ce ta tsaya kafin ta ji da kanta, ya ce mai ƙara juyi ɗaya shi ke kashe rami.

Ta zare guntun katakon. Ƙyauren bai sauka ba.

"An yi sa'a," ya ce. "Makauniya ta tsinci allura."

"Faɗi gaskiya, tsoho."

Ya yi 'yar dariya, haƙoran huɗu duka suka fito. Ya zare fensirin daga bayan kunnensa ya soka mata a gefen ɗankwali.

"Kin ci. Injin ma naki ne. Matar da ba ta iya girki ba, gara ta iya wani abu."

Ya dogara sandarsa zuwa ƙofa. Ya sa yatsa ɗaya ya ja, ƙyauren ya taho ba kuka, ya wuce saman tsohon zanen da ke siminti. Baba yana tsaye a wajen, Gwaggo a bayansa da hannu a baki. Baba ya dubi hinjin, ya dubi 'yarsa da inji a hannu, ya matsa gefe.

Kaka bai fita nan da nan ba. Ya tsaya a bakin ƙofar, ƙafa ɗaya a ciki ɗaya a waje, bai waiwayo ba.

"Matata, warware wayar nan ki sa batirin a caji. In an sake kai ni, ki ci gaba da sawa. Sai kin ga an dawo babu ni, sannan ki naɗe."