Ranar da Aka Sallami Goggo Tabawa

A wani daji da rafi ɗaya ke ciyar da kowa, an yi wata bushiya da dabbobi suka daɗe suna jin haushinta. Sunanta Goggo Tabawa, ita ce mai kula da rumbun daji.

Can sama akwai kurmin kanya. 'Ya'yan kanyar su faɗo ruwa, rafi ya kwaso su. Wurin farko da yake bi shi ne bakin rumbu, daga nan ya ratsa daji kowa ya tsinci rabonsa, sai can ƙarshe ya isa gindin wani dogon rimi. A ƙolin rimin nan Cindo gauraki ke gadi, shi ke hango wuta da maharba. Ba shi da ajiya, ba ya barin wurin. Abin da ruwa ya kawo gindin rimi shi ne abincinsa.

Ita kuwa Goggo Tabawa ba ta taɓa kanya sai kanyar ta rufe ruwa har ba a ganin yashi. Ranar nan za ka ga aiki: ta kwasa, ta shanya, ta jibge, rumbu na cika tana ƙara turawa. Da kanya ta ragu sai ta shige rami ta dunƙule, wani tsohon damo mai suna Barmo ya kwanta a bakin ramin, kada ta yi marmarin fitowa. Idan rani ya tsananta, Barmo ke buɗe rumbu yana sakin busasshiyar kanya a ruwa kaɗan-kaɗan.

Wata safiya majalisa ta zauna a ƙarƙashin shugabancin Jatau gwanki. Ladingo gafiya ta miƙe tana karkaɗe gashin baki.

"Ranka ya daɗe, jiya da idona na ga kanya tana wucewa ta ƙofar rumbu, mai rumbu tana minshari. An ma ba ta mai tsaron barci! Mu da muke aiki ba hutu, wa ya taɓa kwanciya a ƙofarmu? A ba ni wurin nan. Na rantse ko ƙwaya ɗaya ba za ta wuce ni ba."

Wuri ya ɗauki sowa. Jatau ya juya. "Goggo, kina da ta cewa?"

Tabawa ta buɗe fuska a hankali. "Ranka ya daɗe, ƙwayar da ta wuce ni ba ɓata ta yi ba, bakin wani ta nufa. Ni ba a ajiye ni don in kama kanya ba, an ajiye ni don in kama rara. Idan ta yi yawa na bar ta, ruwa ya yi tsami kowa ya sha ciwo. Idan ta yi kaɗan na taɓa ta, na ƙasa ya wuni da yunwa. Aikina rabi kwasa ne, rabi kame hannu. Na biyun ya fi wuya, sai dai ba a ganinsa."

"To, a biya ta ladan kame hannu mana!" in ji wani biri daga sama. Aka fashe da dariya. Kafin rana ta take, an sallami Tabawa, an ba Ladingo rumbu. Barmo aka bar masa aikin buɗe ƙofa kawai.

Ladingo ta cika alkawari. Rani ya shigo, kanya ta koma ɗaiɗai, ita kuwa tana cikin ruwa tsamo-tsamo tana cafka. Ranar da Barmo ya saki busasshiya, ta ruga ƙasa ta tare ta, ta mayar rumbu. Ya saki, ta mayar. Masu wucewa suka riƙa tsayawa suna yaba ƙwazo.

Sauran dabbobi kowa ya lallaɓa da saiwa da ganye. Barmo ya ja ciki har gindin rimi, ya ɗaga kai.

"Cindo, kana nan kuwa?"

"Ina nan, Baba. Kwana shida ruwa zalla ke zuwa. Idona ya fara raba itace biyu. Ɗazu na ga hayaƙi, na duba da kyau, ashe ba komai."

"Sauko ka nemi abin taɓawa."

"In sauka wa zai duba muku gabas?"

Barmo ya nufi wurin Jatau, ya faɗi ya yi gaisuwa. "Ranka ya daɗe, mai gadinmu zai mutu."

Jatau ya tashi da kansa ya je rumbu. Ladingo ta buɗe masa: kanya har rufi. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Barmo, dajin da ke da wannan ne kake cewa ana yunwa a cikinsa? Tsufa ya fara taɓa ka."

Kwana biyu bayan haka, da rana tsaka, wuta ta taso daga gabas. Ba a ji kukan gauraki ba. Sai da zafi ya dafa bayan dabbobi sannan kowa ya san ta iso. Masu ƙafa suka tsallake rafi, masu rami suka nutse. Tabawa ta fito daga nata ramin bayan wuta ta wuce, ta bi toka har gindin rimi. Nan ta tarar da gawar Cindo. Wuta ba ta taɓa shi ba. Tun kafin ta zo ya faɗo, bakinsa a cikin ruwa.

Majalisa ta zauna a kan toka. Aka yi wa waɗanda suka rasu addu'a, aka gode wa Ladingo, domin rumbu na cikin dutse, ko ƙwaya ba ta ƙone ba. Tabawa ta ɗaga hannu, aka ce ba ta da kujera.

Daga nan aka naɗa ƙanen Cindo a gurbin wansa, aka kuma ja masa kunne sosai a kan barci a bakin aiki.