Ƙwaron da Na Yi wa Kirarin Uwa

Ba zan taɓa mantawa da ranar iyaye ta makarantarmu ba, shekarar da nake aji biyu na ƙaramar sakandare a Wara. Ko yanzu na tuna sai na ji kunnuwana sun ɗau zafi a ƙarƙashin hijabi.

Ni dai ba mai magana ba ce. Idan malami ya yi tambaya, ko na san amsar, farcen ƙafata nake kallo har a wuce kaina. Inna ta ce halin Baba na ɗauko, mutumin da zai wuni yana ɗinkin ragar kamun kifi a ƙofar gida ba ka ji komai daga bakinsa ba sai amsa sallama. Abin da na iya shi ne kallo. Ina iya tsugunawa gaban jerin tururuwa har ƙafata ta mutu.

A bayan gidanmu, idan ruwan tafki ya ja baya, yakan bar ƙananan kududdufai. A hanyar ɗibar ruwa na lura wasu sun cika da tsutsar sauro, 'yan mitsi-mitsin nan masu wutsil-wutsil, wasu kuma da ƙyar za ka ga ɗaya. Da na dage da tsuguno sai na gano dalili. A cikin waɗanda ba su da tsutsa akwai wani ƙwaro faffaɗa mai launin busasshen ganye, bai wuce kan babban yatsa ba. Yakan maƙale a jikin ciyawa, kai a ƙasa, ya ɗan turo bayansa saman ruwa ya ɗebi iska (eh, ta can yake ɗiba, ni ma sai da na yi dariya ni kaɗai). Tsutsa na giftawa zai cafke ta da ƙafafunsa na gaba, ya soka mata baki, ya tsotse ta, ya saki fanko. (Ya taɓa gwada bakin nan a yatsana. Ba na ba kowa shawarar ya sa hannu.)

Na raɗa wa Malama Rifkatu, malamarmu ta kimiyya, don ita kaɗai ce ba na jin tsoro. Ashe na jawo wa kaina.

"Ranar iyaye ke za ki tsaya ki faɗi wannan," in ji ta. "Kin ga yadda zazzaɓi ya kwantar da yara bana."

"Malama, wallahi ba zan iya ba."

"Za ki iya. Abin da idonki ya gani kawai za ki faɗa. Kada ki ƙara komai."

Kafin in kai gida labari ya riga ni. Inna ta gaya wa duk unguwa cewa ɗiyarta, wadda suke kira kurma, za ta yi magana a lasifika. Daga nan babu ja da baya. Ko dai in fidda ta kunya, ko sunan kurma ya bi ni har gidan miji.

Ana gab da ranar, na je kamo ƙwaron da zan nuna, sai na dace da wani na daban. Bayansa cike da ƙwai, an jera su reras kamar ƙwayar shinkafa a tsaye. Yana iyo da su a hankali, yana ɗago su saman ruwa su sha iska. Zuciyata ta narke. Na ce wannan ai uwa ce da goyo! Nan take na tsara wani sabon jawabi a kaina, wanda ban gaya wa Malama ba. Awakin Inna kaɗai na karanta wa, su kuwa ba su nuna wata matsala ba.

Ranar ta zo. An kafa rumfa, maza a kan kujeru gefe guda, mata a ɗaya gefen. Babban baƙo wani jami'in lafiya ne mai tabarau. Da aka kira ni, na fito rungume da ƙatuwar kwalba. Muryata ta fito kamar ta ɗan tsako. Amma da na zuba tsutsar sauro a cikin kwalbar, ƙwaron nan, Allah ya saka masa, ya cafke ɗaya a gaban kowa. Na gaba suka miƙe suna leƙe. Na bayyana yadda yake rage sauro tun kafin ya yi fiffike, na roƙi yara su daina kashe shi don kawai muninsa, na ce amma wannan ba zai hana a kwana cikin gidan sauro ba. Aka tafa. Ni aka tafa wa!

Nan ya kamata in koma in zauna. Na hango Malama tana ɗaga mini kai alamar an gama. Amma tafi ya riga ya shiga kaina.

Na ɗaga kwalbar sama. "Ku dubi bayanta," na ce, murya ta buɗe kamar ba tawa ba. "Uwa ce! Ga goyo, ga neman abinci, ga tsare mu daga sauro. Ina uban? Yana can yana yawonsa. Ko a cikin ruwa wahala ta mata ce. Ina tambaya, wa ya taɓa ganin namiji da goyo?"

Gefen mata ya kaure da guɗa. Na ji kamar tsayina ya ƙaru.

Sai baƙon nan ya taso da fara'arsa, ya gyara tabarau, ya daɗe yana duba kwalbar. Ya karɓi abin magana daga hannuna.

"Ɗiyata, kina da ido, duk abin da kika faɗa kan sauro haka yake. Sai dai wannan bawan Allah namiji ne. Macen ce take manna masa ƙwan a baya ta yi tafiyarta. Shi yake renonsu har su ƙyanƙyashe, ko tashi ba ya iya yi saboda su."

Sai gefen maza ya fashe da dariya. Wani dattijo ya cire hula yana kaɗawa: "Alhamdu lillahi, yau ƙwaro ya wanke mu!"

Da a nan aka tsaya da na warke. Amma akwai Gwaggo Tani mai suyar kifi, maƙwabciyarmu, wadda muryarta ba ta buƙatar lasifika. Ta miƙe tana gyara ɗaurin zane.

"Ke ɗiyar ga! Ke ce mai tambayar wa ya ga namiji da goyo? To mu munka gani! Sanda zazzaɓi ya kwantar da Innarki asibitin Yelwa, wa kike zaton ya goye ki? Ubanki! Da zanen uwarki ya ɗaure ki, har bakin ruwa yake zuwa da ke, kina zuba mai yawu a wuya!"

Wallahi ban taɓa jin wannan labarin ba. Duk taron suka juya suna neman Baba. Na hango shi can a layin ƙarshe, ya sunkuyar da kai yana kallon farcen ƙafarsa. Ni ma na sunkuyar da nawa. Inna kuwa ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta sai rawa suke yi. (Har yau tana rantsuwa kuka take yi. Ba kuka ba ne.)

A hanyar gida Baba ne ya riƙe kwalbar. Muka wuce kai tsaye zuwa kududdufin. Na karɓa zan juye, sai ya riƙe hannuna.

"A hankali, kada ki zubar mai da ɗiya."

Muka tsuguna mu biyu muna kallon ƙwaron ya shige cikin ciyawa da kayansa. Da ƙyar na iya cewa, "Baba, da gaske ne?"

"Nauyi gare ki," ya ce. "Kuma ba ki yarda da kowa." Sannan ya ƙara: "Kin yi magana mai kyau. Har zuwa inda ya kamata ki tsaya."

Sunan kurma dai ya bar ni tun daga ranar. Yanzu 'Yar Goyon Baba ake kirana, har masu babur a tasha. Na kuma riƙe maganar Malama: abin da na gani shi nake faɗa. In kuwa har zan sake yi wa maza gori a lasifika, sai na fara tambaya a gida, a bayan wa na yi barci.